Wace Riga Za A Sa Wa Dodo?

Ba ɗan makarantar da bai san Dodo ba, amma ba ko ɗaya da ya taɓa ganinsa. Da dare a ke tatsuniya, bayan an ci tuwo, wuta ta yi ƙasa. Kadan tsohuwa ta kawo kan Dodo ba ta kan tsaya siffanta shi da yawa ba. Sai ta ce ƙato ne, ga gashi buzu-buzu, ga murya kamar aradu, abincinsa mutane. Sauran duhu ne ke cikawa, kowane yaro ya ƙera nasa Dodon a zuci daidai tsoronsa. To, ran da malam ya ce a mai da tatsuniyan nan wasan kwaikwayo don bikin ƙarshen shekara, ran nan wahala ke somawa, gama dandali ba shi da duhun da zai ɓoye kome. Tilas wani yaro ya fito a ce shi ne Dodo. Tilas a sa masa riga, a ɗora masa wani abu a ka, a ba shi wani abu ya riƙe. Wanda ya zaɓi rigan nan kuwa, ko ya sani ko bai sani ba, ya riga ya gaya wa 'yan kallo ko wane ne mugu a ƙasarsu, tun Dodo bai buɗe baki ba.

A garuruwa da yawa wannan ƙaramar magana ce, a lulluɓa wa yaro tsohon buhu, a shafa masa gawayi, a yi dariya a watse. A Batsari da Safana ba haka ba ne. Ƙasashen nan biyu suna yammacin jihar Katsina, Batsari ƙasar Sarkin Ruma, Safana ƙasar Yariman Katsina, kuma duka biyu sun jingina da Dajin Rugu, wanda ya miƙa har ya haɗu da dazuzzukan Zamfara. Daga dajin nan ne 'yan bindiga suka riƙa fitowa a kan babura, su kore shanu, su ƙone rumbuna, su sace mutane sai an fanshe su da kuɗi. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari, har 'yan'uwansu suka ɗauko gawawwakin suka kawo birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Bayan wata biyu aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma. Yaron da ya girma yana jin waɗannan, kadan aka ce masa akwai wani abu a daji da ke fitowa da dare yana cin mutane, ba ya bukatar mai fassara.

Saboda haka shigar da za ta fara faɗo wa kowane mai shirya wasa a rai ita ce wannan: a naɗa wa Dodo rawani har ya rufe hanci, a sa masa rigar kaki, a rataya masa bindigar kara, wani yaro kuma ya yi kukan babur daga bayan labule. Lalle za a yi tafi. Amma mu dai a ganinmu wannan ita ce mafi rauni cikin dukan shigogin da za a iya yi, don ba ta gaya wa kowa abin da bai sani ba. Mutumin Wagini ko na Runka bai taso daga gida don a nuna masa kamannin ɗan bindiga ba, ya fi mai shirya wasan saninsa. Akwai kuma wadda ta fi wannan muni, wadda mu ke roƙonku ku guje ta kamar yadda a ke gudun kunama: a sa wa Dodo malafa, a saɓa masa sanda a kafaɗa, a rataya masa gora, watau a mai da shi Bafillatani makiyayi. Gaskiya ne da yawa cikin mutanen dajin nan Fulani ne, ba amfani a ɓoye. Amma shanun Fulani aka fara sacewa kafin a taɓa na kowa, rugage nawa aka tasa, kuma gidan sarautar Katsina kansa na Sulluɓawa ne tun daga Sarki Muhammadu Dikko a 1906. Cikin ajinku ma akwai ɗan Fulani, watakila bencinku ɗaya. Ku tuna zai zauna cikin 'yan kallo ya ga an sa wa Dodo malafar ubansa.

Bari mu koma ga tatsuniyar kanta, gama ta fi masu yi mata ado wayo. Wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara cikin littattafai 3 tsakanin 1911 da 1913, ko waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya rubuta wa makarantu daga baya, ko ma ya saurari kakarsa da kunnen basira, zai lura da wani abu. Da wuya Dodo ya zo kamar farmakin kura, ya sure ya gudu. Galibi akwai magana tsakaninsa da mutane. Wata mace ce ta je rafi ta rasa mai taya ta, ta yi masa alkawarin abin da ke cikinta, shekaru suka wuce ya zo karɓar bashi. Wata yarinya ce ta raina samarin garinsu, ya zo da kayan aro da fuskar aro, ta bi shi da ƙafarta. Wani gari ne ya zauna a kan ruwansu, aka shirya da shi a riƙa ba shi budurwa ya bar su su ɗiba. Ko macijin rijiyar Kusugu a Daura, ai cewa aka yi ran Jumma'a kaɗai ya ke bari a ɗebi ruwa, mutane kuma suka saba da haka, suka tsara zamansu a kai. Watau Dodo na tatsuniya ba baƙo ba ne ɗungum. Yana da rabo a gari, an san ranarsa, an san mai kai masa.

Nan ne tatsuniya ta taɓa Batsari da Safana a inda ke ciwo. An sha ba da labarin ƙauyukan da aka aza musu kuɗi kafin a bar su su yi shuka, aka kuma aza musu wani kafin girbi. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya fita da kansa ya zauna da shugabannin 'yan bindiga aka yi sulhu, a 2020 ya ce sun ci amana, ba zai sake ba. A 2021 gwamnati ta hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13. Me ya sa? Don hukuma ta san babur ba ya shan ruwan rafi, shanun sata kuma ba a daji a ke cinye su ba. A 2025 aka sake zaman sulhu a ƙasashen nan biyu. Ba mu kawo wannan don mu zargi manomin da ya biya ba. Wanda bai taɓa kwana da kunne a ƙofa ba, ba shi da bakin ce wa wani matsoraci. Abin da mu ke nufi shi ne, wasan da ya nuna Dodo shi kaɗai yana ruri, ya bar hanyar da ke tsakaninsa da gari, ya zubar da rabin tatsuniyar, rabin da ya fi nauyi kuwa.

Ba mu kaɗai ne Allah ya haɗa da wannan matsala ba, kuma yana da kyau ku ji yadda waɗansu masu wasa na nesa suka yi da ita. A ƙasar Rasha an yi wani marubuci, Yevgeny Shvarts, wanda sana'arsa ita ce ɗaukar tatsuniyoyin yara ya mai da su wasa don manya. Ana tsakiyar yaƙin Hitila ya rubuta wasa a kan dodon tatsuniyoyin Turai, wani ƙaton maciji mai fukafukai da kawuna 3 mai aman wuta. A wasan, dodon ya shekara 400 yana mulkin wani gari. Kowane wata ana kai masa shanu 1,000 da tumaki 2,000 da kaji 5,000, kowace shekara kuma budurwa ɗaya. Da wani jarumi baƙo ya zo ya ce zai kashe shi, sai mutanen gari suka roƙe shi ya rufa musu asiri ya tafi, wai sun saba, wai kuma nasu dodon ne ke tsare su daga waɗansu dodanni. Har wani dattijon kirki ya yaba wa dodon don ya raba su da Jifsi, wata ƙabila ta masu yawo, alhali shi dattijon bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan wurin ya isa mai niyyar sa malafa ya tsaya ya yi tunani.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda Shvarts ya shigo da dodonsa. An ji ruri, tagogi suna girgiza, 'yan kallo sun ƙame suna jiran abin tsoro. Ƙofa ta buɗe, sai ga wani dattijo mai ƙarfi a jika, da tsayuwa irin ta soja, yana gaisawa da masu gida kamar tsohon aboki. Kawunan nan 3 ashe fuskokin mutane ne, yana sauya su ɗaya bayan ɗaya. Nikolai Akimov, wanda shi ne mai shirya wasan kuma shi ne mai zana fagensa, ya nuna shi a Mosko a 1944. An ce wa hukuma da Hitila a ke, hukumar Stalin kuwa ta duba ta ga kamar inuwarta, sai aka hana wasan nan take. Da Akimov ya sake kawo shi a Leningrad a 1962, Shvarts ya shekara 4 da rasuwa, nan ma bai daɗe ba aka janye shi.

Amma a 1965 Benno Besson ya shirya wasan nan a Balin ta Gabas, ƙasar da ita ma ba a faɗin abin da a ke so. Mai zana masa fage, Horst Sagert, sai ya bi wata hanya. Ya cika dandali da ado irin na mafarki, gidaje da tufafi kamar an ciro su daga littafin yara, da ƙaton dodo mai kawuna 3 wanda ba wanda zai nuna ya ce ga wane. Masu mulki suka ce da abokan gabansu a ke, 'yan kallo kuwa kowa ya san abin da ya gani. Aka yi ta nuna wasan fiye da sau 500, har zuwa 1981.

Wannan ba sabon ilmi ba ne ga Bahaushe, sunansa habaici. Matan fada da ke wasan gauta suna kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansu, samarin ƙauye da ke naɗa nasu gwamna da alƙali a kalankuwa bayan girbi, mutanen Damagaram da ke ƙera bindigogi da agogo da tabarau na kara su kwaikwayi manyan ƙasa, duk sun san gaskiya ta fi tsawon rai kadan ta yafa mayafi. A ƙauyen da ke bakin daji kuwa mayafin nan ba ado kaɗai ba ne. Ba a san wanda ke cikin 'yan kallo ba, ba a san inda labari zai kwana ba. Malamin da ya sa ɗan wani ya yi shigar wani sanannen ɗan bindiga, har da salon maganarsa, ya yi wasa da ran da ba nasa ba.

To, wace riga ke nan? Ga tamu shawarar, ku ɗauka ko ku gyara. Kada a ba Dodo fuska ko kaɗan. A farkon wasa yaro ɗaya ne ƙarƙashin tsohuwar tabarma, da kwando a kife a ka, bai fi ɗan maraƙi ba, har yara su yi masa dariya. A kafa ƙofar gari da zana a tsakiyar dandali, ba a gefe ba, gari a dama, daji a hagun, don idon mai kallo ya tsaya a kan ƙofar, ya ga mai shiga da mai fita. Duk sa'ad da aka kai wa Dodo rabonsa, kada a ɓoye kayan a bayan labule, a ɗaura su a jikinsa a gaban kowa. Yau damin gero, gobe igiyar shanu da ƙaho, jibi jarkar mai, sa'an nan ƙwaryar nono, da mayafin amarya, da allon almajiri, da hauyar manomi. Kowace kaiwa kuma wani yaro ya ƙaru a ƙarƙashin tabarma. Yaran nan kada su fito daga bayan fage, su taso daga cikin mutanen gari da na ruga, ana ganinsu: wannan an kore masa shanu ya rasa mai bi masa hakki, wannan an ja shi da ƙarfi, wannan kuwa kwaɗayi ne kawai, ya ga banza ta faɗi. Kafin a kai tsakiyar wasa Dodo ya cika rabin dandali, kuma ba abu ɗaya a jikinsa da mai kallo ba zai ce irin na gidanmu ne ba. Muryarsa a yi ta cikin tulu, yara uku su yi magana tare. Ba a bukatar ko kwabo a kan wannan, yaran da ke haɗa gemun auduga da tsummoki don tashe cikin watan azumi sun riga sun iya aikin.

Wani zai ce, ashe kun wanke mugu ke nan, kun shafa wa gari laifi. A'a. Dodon nan yana kisa a kan dandali, kuma ba mu ce a sassauta wannan ba. Wanda ya harbi manomi a gonarsa shi ya harbe shi, ba wani dalili da zai ɗauke masa. Abin da shigar nan ta ƙara shi ne tambayar da rawani da bindigar kara ba su iya yi: da me ya girma?

Saura jarumi, a nan kuwa tatsuniyarmu tana da abin mamaki. Wanda ya kashe Dodo a labarin da aka fi sani shi ne Auta, wanda ya gasa duwatsu a wuta, Dodo ya wangame baki da dare ya jefa masa su. Amma wane ne Auta? Yaron da iyayensa suka bar wasiyya kada a bari ya yi kuka, ya ƙone rumbunansu, ya tsokane idon ɗan sarki, duk inda aka yi masa alheri ya rama da ɓarna. Tsofaffinmu ba su ce mutumin kirki ne ya kashe Dodo ba, cewa suka yi wanda ba ya jin bari ne. Mutanen yammacin Katsina sun ga 'yan sa-kai da suka tsare garuruwansu da ransu, sun kuma ga waɗanda suka kashe mutane a kasuwa ba shari'a don kamanninsu kawai, aka dawo aka rama a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Don haka kada a sa wa Auta farar riga tas. A bar masa tokar rumbun da ya ƙone a jiki har ƙarshen wasa, ko da ana yi masa guɗa.

Abin da ya fi kome daraja cikin kayan wasan duka kuwa takalmi ne. Auta ya bar takalminsa wurin gawar Dodo, gari ya waye, sarki ya ce wanda takalmin ya yi wa daidai shi ne gwani, sai ga manya suna layi kowa yana cusa ƙafa. A Daura ma an ce mutane da yawa suka yi da'awar su suka kashe macijin, sai da aka ce a kawo kai. A wasan Shvarts magajin gari ne, wanda ya yi wa dodo bauta dukan ransa, ya ce shi ya kashe shi, ya hau kujera, ya ce a ba shi budurwar da dodo zai ci. Ƙasashe uku, labari ɗaya. A nemo ɗan ƙaramin takalmin taya, wanda ya sha hanya, a ajiye shi a kan turmi a tsakiyar fage, a kawo fitila kusa. Masu gwaji su zo da manyan riguna da 'yan rakiya da maroƙa, kowa da jawabinsa. Kada a gaggauta wurin nan, a bar mutane su yi dariyarsu ta ishe su, sun daɗe suna bin bashinta.

Inda tatsuniya ta gaza, gama tana da inda ta gaza, shi ne ƙarshenta. Dodo ya mutu dare ɗaya, an raba gari biyu an ba Auta rabi, ƙurunƙus. Ba mutumin Safana da zai yarda da wannan, ya ji an ce an gama ba sau ɗaya ba. Ba sai an sake maganar tatsuniyar ba, fage ya isa ya gyara ta. Kadan Dodo ya faɗi kada a ja labule. Tabarma ta zame, yaran da ke ƙarƙashinta su miƙe, fuskokinsu a buɗe karo na fari, su tsaya a bakin ƙofar zanan nan, ba su ciki ba su waje, mutanen gari suna dubansu. Kayan da ke jikin Dodo kuma su zube tuli guda. Masu su su riƙa zuwa ɗaya ɗaya, ba magana, ba kiɗa, mai gero ya ɗauki daminsa, mai nono ta ɗauki ƙwaryarta, almajiri ya ɗauki allonsa. Hauyar kuwa a bar ta nan ƙasa, kada kowa ya zo ɗauka, har 'yan kallo su tashi.